Zagayen Kawu na Ƙarshe

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina zanin goyo Inna yake ce mini. Ko da na girma na yi karatu, idan na durƙusa gaishe shi sai ya ce in tashi, ai uwa ba ta durƙusa wa ɗanta.

Makiyayi ne. Ina ƙarama akan kai ni hutu rugarsu, a dajin Gagarawa, inda ake magana da ni da Fulatanci ina mayarwa da Hausa. Shanunsa ba a rana ɗaya suka ƙare ba. Wata shekara ciwon huhu ya shiga garken, daga baya gonaki suka cinye burtali, sauran kuma hidimar gida ta riƙa janye su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da na gama jami'a na dawo Gumel, na tarar ya tare a bayan gari, ya sayar da 'yan na ƙarshen ya sayi babur yana acaba. Nakan hango shi a tasha da furfurarsa, yana tsaye nesa kaɗan da sauran, ba ya iya kiran fasinja da ƙarfi. Idan na gan shi sai in canza hanya, don kada ya san na gani.

Aikin da na samu na wani ƙaramin kamfani ne a Kano, mai rubuta manhaja. Sun ɗauki kwangilar wata ƙungiya ta manoma da makiyaya mai shaguna huɗu: a Gumel, da Gagarawa Tasha, da Sule Tankarkar, da Maigatari. A kowane shago akwai firji mai amfani da sola, inda ake ajiye allurar rigakafin dabbobi. A gefensa kuma akwai akwatin ƙarfe mai ƙananan kwamfutoci uku da aka haɗa suna aiki tare, idan ɗaya ta mutu biyun su ci gaba. Gungu muke ce masa. Manhajar da ke ciki ita ke lura da sanyin firjin, da abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma idan firji ya fara ɗumi ta aika saƙo wayar mai shago. Da yake ni 'yar Gumel ce, sai aka ce in zauna gida in kula da su duka.

Duk lokacin da muka gyara wani abu ko muka ƙara, mukan haɗa manhajar da dukkan saitinta a ƙunshi guda, mu ba shi sabuwar lamba. Matsalar ita ce isar da ƙunshin. A lokacin sabis ɗin garuruwan nan ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Sai an yi nisa da saukewa ya yanke, a koma farko. Dole a zuba ƙunshin a filashi, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, mutum ya kai da ƙafarsa. Shugabana ya tambaye ni ko na san wani amintacce mai babur. Ban yi dogon tunani ba na ce ina da shi.

Kawu bai yi boko ba, kuma aikin bai buƙaci hakan ba. Zai isa shago, mai shago ya buɗe akwati, ya soka filashin, su zauna su jira har 'yar fitilar da ke jikin akwatin ta koma koriya, sannan ya zare. Ranar farko da na miƙa masa filashin ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Inna, wannan ɗan abin ne duk aikin?" Washegari ya kai wa baduku ya ɗinka masa kube na fata da igiya, ya rataya a wuya cikin riga. Kamfani ya ba shi wata 'yar riga marar hannu mai ɗaukar ido. Kullum a wanke take.

Haka muka yi shekaru. Ya daina zuwa tasha. Mahaifiyata, wadda ba ta cika yabon mutum a gabansa ba, ta ce mini wata rana tana tankaɗe, "Kin ɗauke mini wani nauyi." 

Abin da ya canza al'amarin a damina ya faru. Mun gano cewa a ƙunshin da ke aiki akwai kuskure: idan batirin sola ya yi ƙasa sosai, saƙon gargaɗi ba ya fita. Da hantsi na gyara, kafin azahar sabon ƙunshi ya haɗu. Amma Kawu yana kwance da zazzaɓi, ko zama ba ya iyawa. Na ba wani ɗan acaba na unguwarmu ya kai Maigatari. Ya tarar mai shago ya tafi jana'iza wani ƙauye, sai ɗan acaban ya bar filashin a hannun maƙwabcin shagon. Hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, batir ya sauka, firji ya yi ɗumi, ba wanda ya sani. Allurar da ke ciki duka aka zubar, makiyayan da suka taho daga nesa da dabbobinsu suka koma haka nan.

Ba wanda ya ɗora wa Kawu laifi, don ba shi da shi. Shugabana dai ya kira ni ya ce, "Yanzu an ƙara turakun sabis a yankin. Lokaci ya yi da injinan nan za su riƙa ɗauko ƙunshi da kansu. Za ki iya?"

Na ce zan iya. Gaskiya ma na daɗe ina son yin wannan aikin. Na karanta yadda ake yinsa, na sha zana shi a raina, har na taɓa gwadawa a kwamfutata ba wanda ya sa ni.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Akwai ma'ajiya a intanet, wadda a wurin aiki muke kira rijistiri. A nan zan riƙa ajiye kowane ƙunshi da lambarsa, in buga masa hatimin kamfani. A kowane gungu kuma za a dasa wata 'yar manhaja mai zaman wakili. Lokaci-lokaci za ta leƙa rijistirin. Idan ta ga lambar da aka ce garinta ya hau ta bambanta da wadda ke aiki, sai ta duba hatimin, ta tabbatar namu ne, ta jawo abin da ya canza kawai, ba ƙunshin gaba ɗaya ba. In sabis ya yanke ta jira, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sannan ta ɗora wa kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, kuma idan sabon ya ƙi tashi ta mayar da tsohon.

Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Ina tashi da shi, ina cin abinci da shi. A shagon Gumel na fara gwadawa. Ranar da ya yi aiki ina zaune a ɗakina da rana tsaka, na tura ƙunshi rijistiri, na naɗe hannu ina kallon allo. Can sai na ga lambar Gumel ta canza da kanta, ba wanda ya taɓa komai. Na fito tsakar gida ba ko takalmi. Mahaifiyata tana dama fura a inuwar darbejiya. Na zauna kusa da ita na yi mata bayani da sauri, cewa daga yau ba sai an kai ba, injin ne zai je ya ɗauko.

Ta ci gaba da juya ludayi. Sai da ta ɗanɗana ta ƙara nono, sannan ta ce, "To kawunki fa?"

Ba wai ban san amsar ba. Na san ta tun ranar da shugabana ya kira. Ajiye ta na yi a gefe, na ce sai aikin ya yi tukuna, wataƙila ma ba zai yi ba. Yanzu ga shi ya yi.

Bayan la'asar na tafi gidansa. Na same shi a ƙofar gida yana goge babur da tsumma, zazzaɓin ya sake shi amma ya rame. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma. Bayan gaisuwa na faɗa masa komai, ban ɓoye ba kuma ban yi kwana-kwana ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wato su za su riƙa zuwa su ɗauko."

"E, Kawu."

"Ba a kan hanya ba."

"A'a, ta sabis, kamar yadda saƙo ke shiga waya."

"Ya fi ni sauri?"

Na ce ya fi.

"Ko ana ruwa?"

"Ko ana ruwa."

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Sannan ya ce, "To ai shi ya fi. Da yana nan da maganin Maigatari bai lalace ba. Ke kika haɗa shi da hannunki?"

Na ce ni ce.

"Allah ya yi miki albarka, Inna."

Da ya yi fushi da na san yadda zan yi. Zan ba shi haƙuri, in kawo hujjoji, ga su nan da yawa kuma duk na gaskiya. Amma albarka ya sa mini, har ya kira matarsa ya maimaita mata abin da na ƙera, yana gyara mata inda ba ta gane ba. Na koma gida ban iya cin tuwon dare ba.

Akwai sauran aiki guda. Wakilin nan ba zai iya kai kansa ba. Sai an dasa shi a kowane gungu ta filashi, an ba shi mabuɗin shiga rijistiri. Wannan karon dole in je da kaina. Na so in ɗauki shatar mota, Kawu ya ce ina amfanin haka ga babur. Shi ya sa na hau bayansa, jakar kwamfuta a cinyata, filashin a wuyansa.

Kaka ce. An yanke gero, an jingina riɗi tsaye a gonaki yana bushewa, zoɓo ya yi ja a gefen hanya. Shekarun nan duka ina aika shi, amma ban taɓa ganin zagayen ba. A wurina layi ne a allo: an kai, an saka.

A Gagarawa Tasha tun kafin mu tsaya mai shayi ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya ya iso." Kawu ya yi murmushi ya nuna ni ya ce ga injiniyar gaske nan. Ina cikin shago ina aiki, ina jiyo shi a waje. Wata tsohuwa ta kawo ƙullin magani a kai wa ɗanta a Gumel. Wani ya tambaye shi yadda aka sayar da raguna a Maigatari makon jiya. Wasu Fulani biyu suka tsaya, hira ta juya Fulatanci, na ji yana dariya irin wadda rabon da in ji ta tun a ruga.

Da fitila ta koma koriya mai shago ya leƙa waje ya ce, "Malam, an ce wannan ne na ƙarshe?"

Kawu ya ce, "Haka ne. Injinku ya yi wayo."

A Sule Tankarkar babbar 'yarsa take aure. Na san da haka, amma ban taɓa haɗa shi da zagayen ba. Ashe duk zuwan da yake yi a gidanta yake sallar azahar. Jikokinsa sun san ƙarar baburinsa. Ta kawo mana dambu da zogale, ta zauna nesa kaɗan tana yi masa fifita, tana ba shi labarin rijiyar unguwarsu da ta rufta. Da za mu tashi ta ce, "Sai wani zuwan, Baffa." Ya ce in Allah ya yarda. Bai gaya mata wannan ne zagayen ƙarshe ba.

Maigatari muka bari sai Alhamis, ranar kasuwa, kamar yadda ya saba. Nan ne aikin ya ba ni wuya. Wakilin ya ƙi isa rijistiri. Mai shagon, wanda rabin danginsa ke tsallaken iyaka, ya ce, "Rezon Nijar ne yake kamawa. Haka wayoyinmu ke yi." Sabis yake nufi da rezo, kuma gaskiyarsa ne, layin da ke cikin akwatin yana tsallakawa can. Sai da na ɗaure shi a kan sabis na gida sannan ya tafi daidai. Abin ya ɗauke ni har bayan azahar.

Da na fito ban ga Kawu ba. Aka ce yana kara, wajen shanu. Na bi ta tsakanin manyan motoci da ake lodi, na hango shi da rigarsa mai ɗaukar ido a tsakiyar wasu farare masu dogon ƙaho. Ba saye yake ba, ba sayarwa ba. Ya dafa ƙugun wata saniya yana shafa ta, yana magana da mai ita. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya saki, ya matsa ga ta gaba. Na tsaya a inuwar wata mota ina kallonsa, na kasa kiransa. Shi ya juyo ya gan ni.

"An gama, Inna?"

"An gama."

"Ya ɗauko?"

"Ya ɗauko."

Muka kama hanyar komawa Gumel. Ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya cire kuben daga wuyansa, ya zare filashin ya miƙo mini. Kuben ya mayar aljihu.

Na roƙi shugabana a bar masa wani abu. Mutumin kirki ne, ya yarda Kawu ya riƙa zagayawa jefi-jefi yana wanke farantan sola, yana duba ko ɓera ya ci waya. Amma masu shagunan suna yin wannan da kansu, kuma kowa ya sani. Kawu ya je sau biyu ko uku ya tarar da farantan a goge.

Sai na fara ƙirƙiro dalilai. Wata rana mabuɗin shiga rijistiri na Sule Tankarkar ya ƙare wa'adi, wakilin ya tsaya. Gyaran na 'yan mintoci ne daga ɗakina. Maimakon haka na zuba sabon mabuɗin a filashi na aika a kira Kawu. Ya zo da rigarsa, ya karɓa, ya tafi. Amma wani abokin aikina a Kano ya ga jan layi a allonsa, bai san na aiki kowa ba, ya gyara daga can. Kawu ya isa ya tarar da fitila koriya, mai shago ya ce ai tun ɗazu ta gyaru.

Da yamma ya biyo ta gidanmu. Bai shiga ba, ya aika a kira ni zaure. Ya ajiye filashin a kan tabarma tsakaninmu.

"Inna, na ga jikokina, na gode. Amma kada ki riƙa nemo mini aikin da babu shi."

Na fara cewa, "Kawu, ba haka..."

Ya ɗaga hannu. "Na yi kiwo. Na san lokacin da ake fita da dabba don ta ci, na san lokacin da ake fita da ita don kawai ta miƙe ƙafa. Ba ki yi mini laifi ba. Ki bar abin haka."

Na bar shi haka, tunda shi ya ce.

Bai koma tasha ba. Ya ce gwiwarsa ba za ta ɗauka ba, kuma ina jin da gaskiya a ciki. Ya ba babban ɗansa baburin, shi kuma ya karɓi ragunan mutane yana turkawa a bayan gida, ana raba riba idan an sayar. Yana da abin ci. Ina kai abin da zan iya, matarsa ke karɓa, don shi ba ya karɓa daga hannuna. Tsarin kuwa yana aiki fiye da yadda na zata. Tun daga lokacin ba a sake zubar da allura ba, an ƙara shaguna a wasu garuruwan, an ƙara mini girma a wurin aiki. An taɓa gayyatata Kano in yi wa wasu bayanin yadda muka yi, suka tafa mini. Idan aka sake mayar da ni ranar da shugabana ya kira, na san abin da zan ce, zan iya ɗin nan dai zan sake cewa. Na sha gaya wa kaina haka, kuma bai taɓa rage mini komai daga nauyin da nake ji ba.

Ana saura 'yan kwanaki babbar salla na je gaishe shi. Yana zaune a kan turmi yana haɗa wa raguna dusa da kowar wake. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aiki. Can ya laluba aljihu ya ciro 'yar wayarsa mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba.

"Tunda kin zo, duba mini wannan. Ina jin ta lalace. Ta daina ƙara."

Na karɓa na duba. Da caji, da sabis, ba a rufe muryarta ba. Na shiga wajen kiran da suka shigo. Na 'yarsa ne a sama, na makon da ya wuce. A ƙasa, can baya, lambobin masu shaguna ne jere, na lokacin da suke kiransa su ji ko ya taso, ko ya biya musu da wani saƙo.

Na ciro tawa na kira lambarsa. Wayar ta ɗauki ƙara a hannuna, har wani rago ya ɗago kai.

Kawu ya kalle ta, ya kalle ni. Ya ce, "Ashe lafiyarta ƙalau."

Ya karɓa ya mayar aljihu, ya jawo kwanon dusa. Na tattare hannun rigata na riƙe masa igiyar babban ragon, mai ture sauran, har ƙananan suka gama ci.